Tambayoyi da Amsoshi Kan Misin Mai Zuwa Yana Tafiya a Injin Volkswagen Beetle

Injin Volkswagen Beetle ba shi da lagireto, iska ce kaɗai da baƙin mai suke sanyaya shi, kuma wannan ne ya sa ya yi farin jini a ƙasashe masu zafi, ciki har da Nijeriya inda aka fara harhaɗa motar a Legas a shekarar 1975. An daina ƙera ta gaba ɗaya a watan Yulin 2003 a garin Puebla na ƙasar Meziko, bayan an fitar da sama da guda miliyan 21, saboda haka duk wadda ke kan hanya a yau tsohuwa ce, kuma wayoyinta da robobinta sun sha rana. Amsoshin da ke ƙasa sun shafi injin mai kafireto (inda mai ke haɗuwa da iska) da kwantak (ɗan makunnin da ke buɗewa yana rufewa don a samu tartsatsi), daga mai girman cc 1200 zuwa mai cc 1600, kuma galibinsu sun dace da injin Kombi na wancan zamani.

Mene ne misin, kuma me ya sa mai zuwa yana tafiya ya fi wahalar da bakanike?

Misin shi ne silinda ɗaya ko fiye ta tsallake bugunta, wato mai da iska sun shiga amma ba su ƙone a lokacin da ya kamata ba. Direba yakan ji shi kamar mota ta yi tuntuɓe, ko ta fizge shi sau ɗaya ta ci gaba, wani lokaci kuma salansa ta yi tari. Kowace silinda tana buƙatar abu uku kafin ta buga: tartsatsin wuta mai ƙarfi a daidai lokacinsa, haɗin mai da iska daidai gwargwado, da matsi wanda ba ya zurarewa. Idan ɗaya daga cikinsu ya mutu murus, gano shi aikin minti goma ne. Wahalar tana zuwa ne idan abin bai gama lalacewa ba, yana aiki da safe ya ƙi da rana, ko yana aiki a kan kwalta ya ƙi a kan gargada, domin a ranar da aka kai motar gareji sau da yawa sai ta tashi lafiya lau, bakanike ya ɗan murɗa kafireto don kada a ce bai yi komai ba, mai mota ya biya ya tafi da matsalarsa.

Daga ina ya kamata in fara?

Ka fara da takarda da biro kafin ka ɗauki sifana. Ka yi kwana uku ko huɗu kana rubuta halin da motar take ciki duk lokacin da ta yi misin: injin da sanyi ko da zafi, bayan tafiyar minti nawa, a silo (injin yana aiki ba a taka totur ba) ko a kan gudu, kana hawan tudu ko kana gangarawa, hanya mai santsi ko mai ramuka, an yi ruwan sama ko ba a yi ba, tanki a cike ko ya kusa ƙarewa. Ka kuma tuna abu na ƙarshe da aka taɓa a motar kafin matsalar ta fara, ko da canjin baƙin mai ne, domin hannu yakan ture waya ba tare da mai hannun ya sani ba.

Yanayin fizgar ma shaida ce. Misin na wuta yakan zo kwatsam kamar an kashe makunni an sake kunnawa, kuma man da bai ƙone ba yakan fashe a cikin salansa. Misin na ƙarancin mai yakan zo a hankali, mota ta yi sanyin jiki kamar tana shaƙewa, wani lokaci ta yi atishawa ta bakin kafireto, kuma idan aka ɗan saki totur sai ta farfaɗo. Wannan bambanci ba ya rasa togaciya, amma yana nuna ɓangaren da za a fara leƙawa.

Ta yaya zan gane silindar da ke tsallakewa?

Idan ka tsaya a bayan mota kana kallon injin, silinda ta 1 da ta 2 suna hannun dama, ta 1 ce ta can ciki wajen gaban mota, ta 2 kuma tana kusa da kai. Ta 3 da ta 4 suna hannun hagu, ta 3 a ciki, ta 4 a kusa. Jerin bugunsu shi ne 1-4-3-2, rota tana juyawa irin juyin agogo a cikin distirbuta, wato na'urar da ke raba wuta ga fulogi, kuma akwai ɗan tsagi a bakin jikin distirbuta da ke nuna gurbin wayar ta 1.

Yayin da injin yake silo kuma misin ɗin yana faruwa, ka cire wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya daga kan murfin distirbuta da filaya mai roba a hannu, kana mayar da kowace kafin ka cire ta gaba. Silinda mai lafiya idan aka cire wayarta injin zai ƙara raurawa, wadda kuma aka cire ba a ji wani canji ba, ita ce mai laifi. Ka kula da hannun riga da fanbel, domin suna kusa ƙwarai. Idan laifin yana kan silinda ɗaya tak, to abin nema yana tsakanin fulogi, wayarsa, gurbinsa a murfi, ko bawul. Idan silinda biyu na gefe ɗaya ne, ka yi zargin iska na shiga ta wannan gefe na manifol, wato bututun da ke kai mai da iska daga kafireto zuwa silinda. Idan kuwa misin ɗin yana yawo ba shi da silinda takamaimai, to abin da dukkansu suke tarayya a kansa ne, wato kwantak, kwandansa, kwayil, rota, ko isowar mai.

Me ya sa ake cewa a fara da bawul, alhali matsalar ta fi kama da ta wuta?

Saboda duk wani saiti da za a yi daga baya a kan bawul yake zaune. Tsarin da masu wannan injin suka daɗe suna bi shi ne bawul, sannan kwantak, sannan tayimin (lokacin da tartsatsi ke fita), kafireto a ƙarshe, kuma dalilinsa a fili yake: ratar kwantak tana sauya tayimin, tayimin yana sauya silo, saboda haka wanda ya fara da kafireto zai saita shi ne a kan kuskuren da bai gyara ba.

Ratar bawul milimita 0.15 ce ga na shiga da na fita, kuma ana auna ta ne injin yana da sanyi sosai, zai fi kyau wanda ya kwana ba a tayar ba. Bawul ɗin da ratarsa ta rufe ba ya zama daram a mazauninsa, matsi yana zurarewa ta gefensa, kuma ba ya samun damar sauke zafinsa a jikin tof silinda, wato kan silinda inda bawul suke zaune. Abin da na fi so mai mota ya riƙa yi shi ne rubuta ratar da ya tarar kafin ya gyara, a kowane kilomita 5,000. Bawul na fita da kullum ake tarar da shi ya matse bayan an saita shi yana miƙewa ne, ko mazauninsa yana nutsewa, kuma ƙarshensa shi ne kansa ya tsinke ya faɗa kan fistin. Tunda an riga an buɗe murfin bawul, sai a duba ƙananan washa da maƙalan da ke riƙe rokoki, wato ƙarafan da ke danna bawul, a kan sandarsu, domin idan ɗaya ya karye roka yakan zame gefe ya dawo, kuma wannan kaɗai yana haifar da misin mai ɓacewa.

Motata ba ta misin sai ta yi tafiyar minti ashirin ko talatin, idan ta huce kuma ta koma daidai. Kwayil ne?

Yana iya zama kwayil, amma kwandansa ta fi shi yawan aikata wannan, kuma ta fi shi araha nesa ba kusa ba. Aikinta shi ne shanye tartsatsin da ke son tsallakawa tsakanin bakin kwantak a lokacin da ya buɗe, kuma idan ta fara mutuwa zafi ne yake fara tona ta. Ka buɗe murfin distirbuta ka dubi fuskar kwantak: idan ta ƙone ta yi shuɗi-shuɗi, ko gefe ɗaya ya yi rami ɗayan ya yi tsiro ba da daɗewa da sa shi ba, to kwandansa ba ta aikinta.

Shi kuwa kwayil, a motar da ke da batir mai bolt 12, juriyar da ke tsakanin ƙananan mahaɗan wayarsa biyu, tasha ta 15 da ta 1, takan kasance kimanin om 3 zuwa 4. Sai dai awo da sanyi yana iya nuna lafiya alhali wayar cikin tana rabuwa ne idan ta yi zafi, don haka a auna shi a daidai lokacin da motar ta fara misin, a gefen hanya. Kwayil da ya yi zafin da ba a iya riƙe shi, ko mai yana tsattsafowa daga bakinsa, ya gama yayi. Barin makulli a kunne injin ba ya aiki, kamar yadda ake yi don sauraren rediyo, yana dafa kwayil yana kuma ƙona kwantak.

Akwai kuma zafin da ba na wuta ba. Idan tiyon mai ya kwanta a jikin injin ko kusa da bututun salansa, man yakan zama tururi a ciki, famfo ya kasa tura shi. Alamar wannan ita ce matsalar ta fi tsanani a tsakiyar bazara, musamman bayan an tsaya na ɗan lokaci an sake tayarwa.

Na canza fulogi da kwantak da kwandansa da kwayil duka sababbi, amma abin bai tafi ba. Me ya rage?

Canza su duka a rana ɗaya shi ne kuskuren, domin yanzu ba ka san wanda ya gyara ba, ba ka kuma san wanda ya ƙara ɓatawa ba. Sabunta ba shaidar inganci ba ce a kayan tsofaffin motoci, kuma ba abin mamaki ba ne kwandansa ta fito daga kwali a mace, ko kwantak ya zo da robar da ke cinyewa cikin mako biyu. Idan tsofaffin kayan suna nan, ka mayar da su ɗaya bayan ɗaya kana gwada motar tsakanin kowane canji.

Sannan ka tabbatar an saita sababbin daidai. Ratar kwantak milimita 0.4 ce idan ya buɗe iyakar buɗewa, wanda ya yi daidai da kusurwar rufewa ta digiri 44 zuwa 50 ga mai na'urar aunawa, kuma ratar fulogi milimita 0.6 zuwa 0.7. Dole a ɗan shafa giris a kan tudun sandar distirbuta, in ba haka ba robar kwantak za ta goge, rata ta rufe, tayimin ya ja baya. Ka kama sandar da yatsa ka girgiza ta gefe da gefe. Idan tana wasa, to ratar kwantak tana sauyawa a kowane juyi, kuma babu sabon kwantak da zai yi maganin wannan sai an gyara ko an canza distirbuta. Rota ma tana da abin rage wuta a cikinta wanda yake ƙonewa ba a gani, haka kuma kawunan wayoyin da ke hawa kan fulogi, kuma mitar auna juriya ce kaɗai ke tona su.

Sai na shiga gargada ko rami take fizga. Ina zan duba?

Wannan kusan kullum waya ce. Wutar kwayil tana tasowa daga batir a ƙarƙashin kujerar baya, ta tafi gaban mota wurin makulli, sannan ta dawo baya zuwa tasha ta 15, kuma a kowace mahaɗa akwai damar tsatsa ko sakwarkwacewa. Daga wannan tasha ce kuma cok da ɗan makunnin silo na kafireto suke shan wuta, kuma layin ba shi da fis, saboda haka idan ɗaya daga cikin wayoyinsu ta goge tana taɓa ƙarfe, wutar kwayil ce take ɗaukewa. Ka bar injin a silo ka riƙa girgiza kowace waya da kuma makullin kansa, kana sauraro.

Gwajin da ya fi yanke hukunci shi ne jawo waya ta wucin gadi daga batir kai tsaye zuwa tasha ta 15, a bi hanyar da ta saba fizga. Idan misin ya ɓace, laifin yana makulli ko layinsa. Injin ba zai mutu da makulli ba sai an cire wannan waya, kuma ba a barinta a matsayin gyara. Wurare biyu da ake yawan mantawa su ne saƙaƙƙiyar wayar da ke haɗa giyabos da jikin mota a ƙarƙashi, da kuma 'yar siririyar wayar tagulla da ke cikin distirbuta a kan farantin kwantak. Farantin yana motsi duk lokacin da aka taka totur, wayar tana lanƙwasa tare da shi shekara da shekaru, har ta rage zare ɗaya ko biyu.

Me ya sa take yi da damina ko da sassafe?

Danshi yana ba wuta gajeriyar hanya. Murfin distirbuta mai tsaga, ko mai siririn baƙin layi a ciki kamar an zana da fensir, da wayoyin fulogi da suka bushe suka tsattsage, duk suna zubar da wuta idan akwai raɓa. Ka tayar da injin da dare a wuri mai duhu amma buɗaɗɗe, za ka ga shuɗin tartsatsi yana tsalle daga wayar da ta lalace.

Dalili na biyu shi ne sanyin manifol. Akwai siraran bututu biyu da ke kawo zafin salansa ƙarƙashin kafireto, kuma da shekaru baƙin hayaƙi yakan toshe su. Idan sun toshe, mai yakan kwanta a jikin manifol ya ƙi tafiya tare da iska, har ƙanƙara takan taru a wurin ko da garin ba sanyi ƙwarai, muddin akwai danshi. Bayan tafiyar minti goma bututun ya kamata ya yi zafi. Idan ka tarar da shi da sanyi, wuyan manifol kuma yana gumi, ka sami abin da kake nema.

A kan gudu ko hawan tudu take shaƙewa, amma a cikin gari lafiya. Kafireto ne?

Da wuya ya zama saitin kafireto, domin sukurorin saiti ba sa juya kansu da safe su koma da yamma. Abin da ya fi yiwuwa shi ne mai ba ya isowa da yawan da ake buƙata. Tankin Beetle yana gaba, kuma tsohon tanki yana da tsatsa da ke taruwa a kan matacin da ke bakin mafitarsa idan famfo yana ja da ƙarfi, ta kuma saki idan an tsaya. Idan hanyar shaƙar iska ta tanki ta toshe, za ka ji iska ta shiga da ƙara lokacin da ka buɗe murfinsa bayan doguwar tafiya. Famfon mai yana bayar da matsi kaɗan ne, kimanin fam 3 a ma'aunin matsi na psi, kuma wanda ya wuce haka da yawa yana tumbatsa kafireto ya jiƙa fulogi. Wanda yake sayen mai a galan a bakin hanya ya tsiyayi kaɗan a farar kwalba ya bar shi ya kwanta, domin ruwa yakan zauna a ƙasa a gan shi sarai. Da hunturu kuma a riƙa wanke matacin iska mai baƙin mai a gindinsa akai-akai, saboda ƙura.

Duk wannan aiki a yi shi injin da sanyi, ba sigari, kuma a tabbatar ɗan bututun tagulla da tiyo ke shiga a jikin kafireto bai sakwarkwace ba, domin zarewarsa tana watsa mai a kan distirbuta, kuma ta haka Beetle da yawa suka ƙone. Idan mai yana isowa sosai amma misin yana nan a kan tudu, a koma ga wuta, domin tartsatsi mai rauni yana iya tsallaka ratar fulogi a silo ya kasa idan silinda ta cika da matsi.

Idan a silo kaɗai take yi fa?

Ka fara da makunnin silo da ke gefen kafireto, wanda ya kamata a ji ya yi ƙas idan an kunna makulli. Idan wayarsa ta yi sako-sako, ko shi kansa ya kwance a zarensa, silo zai riƙa ɗaukewa yana dawowa. Bayan shi sai ƙaramin jet na silo, wanda ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe shi. Sannan a nemi iskar ɓarauniya: robobi biyu da ke haɗa manifol a injin da kowane tof silinda ke da ƙofar shigar mai biyu, wanda ya fara fitowa a 1971, suna tsagewa ta ƙasa inda ido ba ya kai, haka ma gasket da ke tsakanin manifol da tof silinda, da sandar totur da ta goge a jikin tsohon kafireto ƙirar Solex. Fesa ɗan ruwa a kan mahaɗar yayin da injin ke silo zai sauya sautinsa idan akwai kafa, kuma ya fi fesa fetur aminci. Silo mai kyau yana tsakanin juyi 800 zuwa 900 a minti.

Nawa ne tayimin da ya dace?

Ya danganta da distirbutar da ke kan injin, kuma shekarar motar ba ta isa hujja ba, domin 'yan kaɗan ne suka rage da tasu ta asali. Da yawa ana saita su a digiri 7.5 kafin fistin ya kai ƙololuwa, masu tiyon iska biyu na farkon shekarun 1970 kuma a digiri 5 bayan ƙololuwa. Wadda ake kira 009, marar tiyon iska, ana saita ta ne a kan gudu, kada ta wuce digiri 28 zuwa 30 a juyi 3,000 zuwa sama. Idan aka haɗa ta da kafireto 34 PICT-3 takan sa mota ta yi jinkiri a farkon taka totur, kuma mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin misin alhali rashin jituwa ne tsakanin kayan biyu.

Sa na'urar lantarki a madadin kwantak zai kawo ƙarshen matsalar?

Zai kawo ƙarshenta idan kwantak ko kwandansa ne sanadi, ba zai taɓa bawul ko tanki ko makulli ba. Na'urar tana buƙatar kwayil mai juriyar da masu ƙera ta suka ƙayyade, kuma juya wayoyinta sau ɗaya yana kashe ta. Ni dai ina ganin a gano laifin tukuna, a kuma ajiye tsohon kwantak da kwandansa a cikin mota bayan an sa ta.

Me ya sa kullum silinda ta 3 ake zargi, kuma yaushe ne matsalar ta zama ta buɗe injin?

A injinan da suka gabaci 1971, na'urar sanyaya baƙin mai tana zaune a cikin rumfar fanka a kan hanyar iskar da ke zuwa gefen hagu, saboda haka ta 3 tana samun iskar da ta riga ta ɗumama, har kamfanin ya riƙa jinkirta tartsatsinta da 'yan digiri a cikin distirbuta don rage mata zafi. Wannan ne ma ya sa ba a saita tayimin da wayar ta 3. Duk wani faranti na rumfar injin da aka cire aka yar, ko robar da ke kewaye da injin da ta yage, ko robobin da ke rufe ramukan fulogi, suna ƙara wannan zafi.

Idan bawul da wuta da mai duk sun fita daga zargi, sai a auna matsi, injin da ɗumi, an cire fulogi huɗu, totur a buɗe. Lafiyayyen injin yakan ba da sama da fam 100 a kowace silinda, amma daidaituwarsu ta fi adadin muhimmanci, kuma wadda ta faɗi ƙasa da 'yan'uwanta sosai tana da bawul da ya ƙone ko ringi da ya gaji. Idan kana jin ƙara kamar tafi daga ƙarƙashin gefe ɗaya lokacin da injin ke da sanyi ko yana jan kaya, to tof silinda ya saki, sau da yawa saboda dogayen kusoshinsa sun fara zarewa daga jikin injin, wanda aka yi da magnesiyam mai taushi. Ƙara ɗaure su ba ya riƙewa, sai an sauke injin an sa musu sababbin gurabe na ƙarfe. Motar da ta kai wannan mataki, ko wadda bawul ɗinta na fita ke matsewa a kowane awo, bai kamata a ci gaba da hawanta ba, domin man da bai ƙone ba yana wanke baƙin mai daga bangon silinda, sauran ukun kuma suna ɗaukar nauyin huɗu a injin da iska kaɗai ke sanyaya shi.